Suma a Gadon Likita da Suma a Halƙar Zikiri

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa.

Bayan haka, akwai wani gwaji da likitocin zuciya suke yi wanda duk mai jin labarinsa karon farko sai ya yi tsam. Mutum ne zai zo da ƙafafunsa yana kukan yawan faɗuwa a sume. Sai a kwantar da shi a kan wani gado na musamman, a ɗaure shi a ƙirji da cinyoyi, tafin ƙafarsa ya tokare da wani allo, a saka masa na'urar awon jini da wayoyin da ke karanta bugun zuciya. Idan ya huta kaɗan, sai a ɗaga gadon ta wajen kai har ya kusa miƙewa, digiri 60 zuwa 70, a bar shi a haka ba motsi na minti 20 zuwa 45. In babu abin da ya faru, wasu asibitoci kan saka masa magani a ƙarƙashin harshe mai buɗe hanyoyin jini, a ƙara jira kamar minti 15. Abin da ake jira kuwa shi ne ya suma. Da zarar idonsa ya juye, sai a mayar da gadon ya kwanta, cikin daƙiƙu kaɗan ya farfaɗo. Wasu likitoci a asibitin Westminster da ke Landan, cikinsu har da Rose Anne Kenny da Richard Sutton, su ne suka bayyana amfanin wannan gwaji a shekarar 1986, daga nan ya bazu a duniya.

Hikimar abin tana cikin yadda Allah Ya gina jikin ɗan Adam. Duk lokacin da mutum ya miƙe tsaye, jini kimanin rabin lita zuwa lita guda kan gangara ya taru a ƙafafu da mara. Da haka za a bar shi, da kowa ya faɗi a duk tashin da zai yi. Sai Allah Ya ajiye wasu masu gadi a jikin manyan hanyoyin jini na wuya da na bakin zuciya, waɗanda ke jin raguwar matsin jini nan take, su aika wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci zuciya ta ƙara sauri kaɗan, ta umarci hanyoyin jini su tsuke. Wannan yana faruwa a kowace ɗagowa daga sujada, ba tare da mai salla ya sani ba, balle ya yi godiya a kansa. Ranar da wannan tsari ya yi saɓani, jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa na daƙiƙa 6 zuwa 8 kawai, hankali ya tafi. Faɗuwar ma rahama ce, domin da jiki ya kwanta jini yake komawa kai.

Saɓanin iri-iri ne. Mafi yawa shi ne wanda wata jijiya da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki take wuce gona da iri, ta rage bugun zuciya a daidai lokacin da hanyoyin jini suka saki. Doguwar tsayuwa, zafi, ganin jini, tsoro ko mummunan labari duk suna tayar da ita, kuma mutum ɗaya cikin uku ko fiye kan gamu da irin wannan suma sau ɗaya a rayuwarsa. Akwai wanda jininsa ke faɗuwa da zarar ya tashi: likitoci sun sa iyakar cewa lambar sama ta ragu da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti 3 da miƙewa. An fi ganinsa ga tsofaffi, da masu shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, da waɗanda ciwon suga ya daɗe yana cin jijiyoyinsu. Akwai kuma wanda jininsa ba ya faɗuwa amma zuciyarsa ke ƙara bugu 30 ko fiye a minti cikin minti 10 na tsayuwa, ya riƙa jin jiri da faɗuwar gaba, wannan ya fi kama 'yan mata da matasan mata. Sai na ƙarshe, wanda ya fi su haɗari nesa ba kusa ba, wato suman da ke fitowa daga ciwon ita kanta zuciyar.

Mutanen ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela ba baƙin suma ba ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 kusan kullum. Mai tonon albasa a fadamun Galmi, da mai ɗaukar buhun siminti a Malbaza, da mai tsayuwar layi a bakin iyakar Ƙonni da Illelar Sakkwato, da macen da ta yini a kasuwar Badagishiri da ciki wata bakwai da ƙarancin jini, kowannensu yana zubar da ruwan jikinsa yana tsaye. A shekarun da azumi ya faɗo cikin bazara, an haɗa ƙishirwar rana da doguwar tsayuwar tahajjud. Gadon da aka ambata kayan manyan asibitoci ne, wanda aka tura neman likitan zuciya daga wannan yanki sai ya nufi Tawa, ko Yamai mai nisan fiye da kilomita 400, ko ya tsallaka Sakkwato. Amma ƙanensa yana nan a kowace likita ta ƙauye, da asibitin Ƙonni, da na Galmi da ke aiki tun 1950: a kwantar da mutum minti 5 a auna jininsa, a tsayar da shi a sake aunawa. A wannan ɗan gwaji ma wasu kan ga duhu ya rufe su, wasu har su sulale.

To, tambayar farko ita ce: da wane hakki likita zai jawo wa mutum abin da ya zo gudu? Wanda ya taɓa suma ya san ba wasa ba ne. Gumi mai sanyi, tashin zuciya, kunnuwa su toshe, duniya ta yi nisa. A kan gadon gwaji wasu zuciyarsu kan tsaya cik na 'yan daƙiƙu kafin ta ci gaba. Shari'a ta hana cutarwa, kuma hankali yana cikin abubuwan da ta zo don ta tsare, shi ya sa aka haramta duk mai gusar da shi.

Amsar tana cikin ƙissar Annabi Musa da Haliru, amincin Allah ya tabbata a gare su, a Suratul Kahfi. Bawan Allah ya huda jirgin talakawa, wanda a zahiri ɓarna ce, alhali a gaba akwai sarki mai ƙwace duk jirgi lafiyayye. Daga irin wannan malaman ƙa'idojin fiƙihu suka fitar da cewa ana ɗaukar ƙaramar cuta don ture babba. Suman da ya zo a kan babur a hanyar Tsarnawa, ko a bakin rijiya, ko mace tana goye da jariri a gaban murhu, shi ne sarkin da ke gaba. Wanda ya zo a kan gado, mutum yana ɗaure ba zai bugu ba, likita na tsaye da magani a hannu, shi ne hudar jirgin. Kuma likita ba ya nan ranar da abin ya faru a gona, labari kawai ake ba shi, gani kuwa ya kori ji. Idan ya ga da idonsa ko jini ne ya fara faɗuwa ko zuciya ce ta fara ja da baya, sai ya san abin da zai hana da abin da zai bayar.

Sai dai ƙiyasin yana da iyaka, kuma iyakar ce ta fi muhimmanci. Haliru ya yi aiki da ilmi daga wajen Allah, bai nemi izinin masu jirgi ba. Likita ba shi da wannan matsayi. Ilminsa na zato ne mai rinjaye, gwajin kansa kan yi kuskure: wasu masu lafiya kan suma a kansa, wasu masu ciwon kuma su tashi ba abin da ya same su. Saboda haka halaccin aikinsa ya rataya a kan yardar majinyaci, yardar kuma ba ta inganta sai an gaya masa gaskiya da harshen da yake ji, cewa za a tsayar da shi ne don a ga ko zai faɗi, kuma yana da ikon cewa a dakata. Dattijon da aka miƙa wa takarda da Faransanci ya dangwala yatsa bai san me ke ciki ba, bai yarda da komai ba, an dai yi amfani da kunyarsa. Masu tarbiyya sukan kwatanta muridi a hannun shehinsa da mamaci a hannun mai wanka, kuma mai kwance a ɗaure a gadon likita ya yi kama da wannan ƙwarai. Amma muridin da kansa ya zaɓi hannun da ya miƙa wuya gare shi, bayan ya bincika. Miƙa wuyan da ba zaɓi a cikinsa sunansa daban.

Akwai masu ganin zuwa irin wannan bincike raunin tawakkali ne. A ƙasar da aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Maratta kusa da Galmi a 1754, wannan magana ba ta da gindi. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ba a shakkar ƙafarsa a tasawwufi, ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir da na ciwon ido.

Tambaya ta biyu ta fi shafar 'yan'uwa, kuma ta fi wuya. A halƙar zikiri, ko daren Maulidi, ko lokacin da mai waƙar bege ya kai inda ya kai, akan ga wani ya yanke jiki ya faɗi. Sai a ce hali ne ya ɗauke shi. Wannan abu ne da magabata suka sani. Alƙur'ani a Suratul A'arafi, aya ta 143, ya ba da labarin faɗuwar Annabi Musa a sume lokacin da Ubangijinsa Ya yi tajalli ga dutse. An ruwaito cewa Rabi'u ɗan Khusaimu ya suma da ya ga wutar maƙera ta tuna masa da wata wutar. Zurara ɗan Aufa, alƙalin Basra, ya faɗi matacce yana limancin Asuba da ya kai ayar busa ƙaho a Suratul Muddassir. Imamul Ƙushairi a Risalarsa da Imamul Gazali a Ihya'u sun yi dogon bayani a kan wajdi da abin da ke bijiro wa zuciya a lokacin sauraro. To idan aka ɗauki ɗan'uwan da ya faɗi a halƙa, aka ɗora shi a gadon likita, ya sake faɗuwa a can ba zikiri ba bege, sai bango da ƙarar na'ura, me wannan ya nuna? Shin ya nuna abin da aka kira hali jini ne kawai ya sauka?

Ya nuna wani abu, bai nuna komai da komai ba. Ya nuna jikin wannan mutum yana da saurin sakin jini idan ya daɗe a tsaye, kuma halƙa tana da tsayuwa, da cunkoso, da zafi, da numfashi mai sauri wanda shi kansa yana rage jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa. Wanda ya musanta wannan ya musanta abin da aka auna a gabansa. Amma jijiyar nan da ke rage bugun zuciya, tsoro yana tayar da ita, baƙin ciki yana tayar da ita, kwarjini ma haka. Uwar da aka gaya wa rasuwar ɗanta ta faɗi, da za a auna ta a lokacin, lambobin da za a gani su ne na mai faɗuwa a layin awo, kuma ba mai hankalin da zai ce ba ta son ɗanta, jininta ne kawai ya sauka. Na'ura tana karanta hanyar da abin ya bi a jiki. Abin da ya ƙwanƙwasa ƙofar tun farko, tsoron Allah ne ko rashin karin kumallo, wannan ba ya fitowa a takarda. Allah Yana gudanar da al'amuransa ta sabubba, kuma gano sababi bai taɓa kore Mai sabbabawa ba.

Wannan hujja takobi ce mai kaifi biyu, kuma kaifi na biyun ne mutane ba sa son taɓawa. Idan lambobi ba su isa su ƙaryata hali ba, faɗuwa ma ba ta isa ta tabbatar da shi ba. A 1994 wasu likitoci a Jamus sun sa matasa masu lafiya sun jawo wa kansu suma da gangan ana ɗaukar hotonsu. Kusan tara cikin goma jikinsu ya yi fizge-fizge kamar mai farfaɗiya, kuma kusan shida cikin goma sun ce sun ga wasu abubuwa ko sun ji sautuka a cikin 'yan daƙiƙun da suka yi a sume. Waɗannan ba masu wuridi ba ne. Don haka wanda ya farfaɗo ya ce ya ga haske, ko ya ji ana kiransa, yana iya zama mai gaskiya a abin da ya faɗa, amma ganin bai zama kashafi don an gan shi a sume ba. Haka nan fizgar jiki ba ta zama shaidar aljani ko farfaɗiya ba. 'Yan mata nawa aka yi wa tambarin iskoki, aure ya gagare su, alhali ruwa da gishiri da maganin ƙarin jini ne buƙatarsu.

Magabata ma sun yi nasu gwajin. Da aka ba Muhammadu ɗan Sirina, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, labarin masu faɗuwa in an karanta Alƙur'ani, sai ya ba da shawarar a zaunar da ɗayansu a kan katanga a karanta masa daga farko har ƙarshe, in ya faɗo to mai gaskiya ne. Magana ce mai zafi, masu sukar ɗariƙa suna son ta, amma abin da take farauta shi ne riya, kuma shehunan tarbiyya sun fi kowa farautar riya. Imam Junaidu, shugaban jama'ar, ya fifita natsuwa a kan maye, kuma da aka ba shi labarin wani abokinsa da hali ya rinjaya kwana da kwanaki, abin da ya fara tambaya shi ne ko yana kiyaye sallolinsa a kan lokaci. Ma'aunin kenan: abin da mutum ya zama bayan ya tashi. Annabi Musa da ya farfaɗo tasbihi da tuba ne suka fara fita daga bakinsa.

Gadon likita shi ma kan gano wani abu mai kama da abin da ɗan Sirina yake nema. Akwai wanda zai sulale a kansa, idanu a rufe ruf, ba ya amsa kira, alhali jininsa da bugun zuciyarsa suna nan daidai. Mai suman gaske yawanci idonsa a buɗe yake. Abin lura shi ne likitocin da suka san aikinsu ba sa kiran irin wannan mutum maƙaryaci, domin mafi yawansu ba da gangan suke yi ba: damuwa ce da ta rasa bakin magana ta fito ta jiki. Idan likita ya iya kame bakinsa daga hukunta zuciyar da bai gani ba, ɗan ɗariƙa ya fi cancanta da wannan kamewa. Hukuncin yana wuyan mai abin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda likita ya gaya wa cewa jininsa ne ke sauka, kuma shi kansa ya san yana faɗuwa a gona kamar yadda yake faɗuwa a zawiya, sannan ya yi shiru yana jin daɗin ana nuna shi ana cewa mai hali ne, ya ci kuɗin da ba nasa ba. Da'awa ba sai da baki ake yin ta ba.

Wani kuma akasin haka ne, kunya ce ke sa shi ɓoyewa, wai namiji ba ya suma. A Bukhari da Muslim, Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin rashin lafiyar ƙarshe ta Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam: ya nemi ruwa ya yi wanka, ya yunƙura zai tashi zuwa salla sai ya suma, ya farfaɗo ya tambaya ko mutane sun yi salla, haka har sau uku, sannan ya aika Sayyidina Abubakar ya ja salla. Ba mai hurumin ɗora awon likita a kan wannan matsayi. Amma Imamun Nawawi ya fitar daga hadisin cewa suma tana halatta ga Annabawa domin rashin lafiya ce, ba tawaya ba. Bayan wannan, ba a san inda wani zai samo kunyarsa ba.

Fiƙihu kuwa bai tsaya tambayar dalili ba. A littattafan da ake karantawa a zaurukan Ƙonni, daga Ahalari zuwa Risala, gushewar hankali ta hanyar suma tana warware alwala, ko shauƙi ne ya kawo ta ko rana. Wanda ya faɗi a halƙa zai sake alwala kamar wanda ya faɗi a gadon asibiti. Kuma wanda tsayuwa ke kayar da shi an ba shi izinin salla a zaune, kamar yadda aka ba Imrana ɗan Husaini da ya kai kukan ciwonsa. Wazifa dama a zaune ake yin ta.

Inda kyakkyawan zato ke iya zama sakaci shi ne nan. Idan ɗan'uwa ya sulale, al'ada ita ce a rirriƙe shi a tsaye ko a zaunar da shi a jingine, don girmamawa, ana ci gaba da zikiri a kansa. Wannan shi ne daidai abin da gadon likita yake yi don ya jawo suma, sai dai shi likita yana sauke gadon nan take, su kuwa suna ci gaba da hana jini komawa kai. Abin da ya dace shi ne a shimfiɗe shi, a ɗaga ƙafafunsa, a buɗe masa iska, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu sai ya dawo hayyacinsa sarai, don kada ya shaƙe. Addu'a ba ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan. In ya wuce minti ɗaya ko biyu bai farfaɗo ba, ko numfashinsa ya canza, sai asibiti. Wanda ya san kansa kuma, da ya ji gumi da duhu sun taso, ya tsuguna ko ya kwanta, ko ya harɗe ƙafafu ya matse cinyoyinsa, ya kuma yawaita shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur. Ƙarin gishiri yana taimakon wasu, amma mai hawan jini kada ya kusance shi sai da izinin likita.

Akwai kuma alamomin da muƙaddami ya kamata ya haddace kamar yadda ya haddace sharuɗɗan wuridi, domin shi ake fara gaya wa kafin likita. Wanda ya suma yana cikin aikin ƙarfi ko gudu, ko yana kwance, ko ba tare da wani gargaɗi ba, ko bayan ciwon ƙirji da bugun zuciya mai rikicewa, ko wanda a gidansu an taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi, ko dattijon da bai taɓa suma ba sai yanzu: irin wannan ba a jira a ga ko zai maimaita. A kai shi a yi masa awon lantarkin zuciya a ranar, ko da duk zawiya ta shaida cewa mutumin kirki ne mai yawan kuka in an ambaci Annabi. Zurara ɗan Aufa ya cika a mihrabi kuma ana fata masa kyakkyawan ƙarshe, amma da a ce akwai wanda ya ga alama a jikinsa kwana uku kafin nan ya yi shiru, da za a tambaye shi.